Na je tun buɗe ƙofa: daren kiɗan rok mai nauyi daga masu share fage zuwa kunna fitila

A jikin tikitin sunaye biyu ne. Na sama da manyan haruffa, sunan ƙungiyar da kowa ya zo domin ta. Na ƙasa ƙanana ne, sai ka matso da ido, sunan masu share fage. Sai kuma lokacin buɗe ƙofa. Mutane da yawa sukan yi lissafi su ƙara awa biyu a kan wannan lokaci, su iso daidai hawan manyan. Abokina da ya daɗe yana zuwa irin wannan wasa ya hana ni yin haka. Abu uku ya gindaya mini: mu kasance a layi kafin a buɗe ƙofa, in sa takalmi rufaffe mai igiya, kuma kada in kuskura in fito ba abin toshe kunne a aljihuna. Na bi duka ukun, kuma kowannensu ya yi mini rana.

Layin ya riga ya zagaye ginin tun da sauran haske. Kusan kowa baƙar riga ce a jikinsa, wasu da 'yar shara ta jins wadda aka liƙe da tambarin ƙungiyoyi har ba a ganin yadin. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shekarun mutanen. Na zaci matasa zalla zan tarar, sai ga dattawa masu furfura da gashi har kafaɗa, ga mata da yawa, ga wani uba riƙe da hannun 'yarsa da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, ya rataya mata babban abin rufe kunne irin na masu aikin injina. Ba hayaniya, ba ture-ture. Hira ake yi a kan wace waƙa za a buɗe da ita.

A bakin ƙofa a hankali ake shiga. A duba tikiti a waya, a laluba jaka, a karɓe kwalba da duk wani abu mai kaifi, sannan a ɗaura maka zare a wuyan hannu idan tikitinka na tsayuwa ne. Wasu a bayana sun fara ƙosawa, amma wannan jinkirin da dalilinsa. A watan Disamba na 1979, a birnin Cincinnati na Amurka, mutum 11 suka mutu a turereniyar bakin ƙofa ranar wasan ƙungiyar The Who, saboda dubban mutane sun taru suna rige-rigen samun gaba, ƙofofin da aka buɗe kuma ba su da yawa. Duk lokacin da na ga mai gadi yana tsayar da layi yana sakin mutane kaɗan-kaɗan, ba na jin haushinsa.

Da muka shiga zauren kusan fanko ne, shi ya sa na samu damar ƙare masa kallo. Lasifikoki a jere suke rataye daga sama a hagu da dama, an lanƙwasa jerin yadda na sama ke jefa sauti can baya, na ƙasa kuma suna kallon mutanen gaba. A ƙasa gaban dandamali an jera wasu manyan akwatuna baƙaƙe, su ne masu fitar da sauti mai kauri. Tsakanin dandamali da jama'a akwai shingen ƙarfe mai faɗin gindi, wanda nauyin masu tsayuwa a kansa ne ma yake ƙara danne shi, da 'yar hanya a bayansa inda masu tsaro ke tsayawa suna fuskantar jama'a. A tsakiyar zauren kuma an kewaye wani wuri, a ciki injiniyan sauti na tsaye gaban teburinsa mai ɗaruruwan maɓallai. Abokina ya ja ni can.

"Nan za mu tsaya," in ji shi. "Da kunnen wannan mutumin ake auna duk abin da za ka ji. Inda yake tsaye, nan sauti ya fi daidai. Gaba wajen gani ne, nan wajen ji."

A nan na sa abin toshe kunnen. Akwai na soso, wanda ake murzawa ya sirance, a ja kunne sama a tura, a riƙe har ya kumbura ya cika ramin. Akwai kuma na roba mai 'yar matata a ciki, wanda makaɗa ke sawa, yana rage ƙarfi ba tare da ya dusashe kiɗan sosai ba. Irin na biyun na sa. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ga kamar ɓata kuɗin tikiti ne mutum ya zo jin kiɗa ya toshe kunne, amma lissafin a fili yake. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyakar ƙara a desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Idan aka kai desibel 100, minti 15 kacal ya rage. Irin wannan wasa kuwa a wajajen 100 yake yawo, wani lokaci ya haura, kuma awa uku za ka yi a ciki. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren wasa, ta ce matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100, a kuma samar wa mutane abin toshe kunne. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke mayar da girgizar iska ta zama ji. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Na duba gefena na ga injiniyan da kansa yana da na'urar auna ƙara a kan teburinsa, lambobinta na hawa suna sauka.

Masu share fage su huɗu ne: mai ganguna, mai jitar bas, mai jita, da mawaƙiya. Ba wani shiri ko sanarwa. An rage fitilun zaure, suka fito da ƙafarsu, kowa ya ɗauki kayansa. Wurin da aka ba su ɗan siriri ne a bakin dandamali, domin kayan manyan na bayansu an lulluɓe da baƙin yadi. Gangunansu a ƙasa suke, na manyan kuwa can sama a kan dakali. Fitilun da aka kunna musu ba su kai rabin waɗanda ke rataye ba. Zauren a lokacin bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, kuma yawancin waɗanda ke ciki sun harɗe hannu a ƙirji, wasu na duba waya, wasu sun juya baya suna hira.

Waƙa biyun farko ba su yi daɗi ba, gaskiya. Sautin ya cakuɗe, bas ya haɗiye jita, muryar mawaƙiyar tana zuwa tana ɓacewa. Ba laifinsu ba ne. Ƙananan ƙungiyoyi ba kasafai suke samun isasshen lokacin gwada sauti da rana ba, ga shi zauren da bai cika ba yana mayar da amo daga bango da daɓe, domin jikin mutane ne ke shanye wannan amon. Ina kallon injiniyan yana ta aiki da yatsunsa, ya ja wannan ƙasa, ya tura wancan sama, ya karkata kai yana saurare. A waƙa ta uku sai komai ya zauna. Na fara jin kowane kaya daban, kuma a nan na gane mai gangunansu ba ƙaramin gwani ba ne.

A tsakiyar waƙa ta huɗu tsirkiyar jita ta tsinke. Na ga lokacin da ta yi tsalle ta naɗe a wuyan jitar. Su ba su da ma'aikacin da zai ruga ya miƙo wata. Mai jitar ya ja da baya ya durƙusa yana ciro ta biyu daga jaka, sauran ukun kuwa ko gezau. Mai bas ya matso gaba ya cike gurbin, mai ganguna ya riƙe bugun ba ƙari ba ragi, mawaƙiyar ta sa jama'a tafi a kan bugun har ya dawo. Da ya shigo, daidai kan gaɓa ya shigo, kamar da ma haka aka tsara waƙar. Ihun farko na gaske a daren nan shi ne wanda aka yi musu a wannan lokacin. Waɗanda suka harɗe hannu suka sake, waɗanda ke bakin ƙofa suka matso. Kafin su gama, kawuna na ta sama da ƙasa har wajen da muke tsaye.

Kusan rabin awa aka ba su. Mawaƙiyar ta faɗi sunansu sau biyu, a hankali, don a riƙe. Ta gode wa manyan da suka ɗauko su, ta gode wa waɗanda suka zo da wuri. Sannan ta ajiye makirufo ta sunkuya tana naɗe wayoyin lantarki tare da sauran. Mutumin da ya gama sa zaure ihu, ga shi rungume da babbar ganga yana neman hanyar sauka. Wannan aiki yana da wuya ƙwarai: ka tsaya gaban mutanen da ba kai suka zo gani ba, da rabin haske da rabin wuri, a ce cikin minti talatin ka juyo da su. Kusan duk babbar ƙungiyar da ake cika fili domin ta a yau ta taɓa tsayawa a wannan siririn wurin. Ina ganin wanda ya tsallake wannan ɓangaren da gangan ya cuci kansa, kuma bai kyauta wa makaɗan ba.

Sai tazarar canjin kaya, wadda ita ma abin kallo ce. Ma'aikata sanye da baƙaƙen kaya, kowa da 'yar tocila a baki ko a goshi, suka mamaye dandamalin. Aka yaye yadin. Wani na liƙa takardar jerin waƙoƙi a ƙasa gaban kowane makirufo, wani na manna tef mai haske a gefen matakala don kada wani ya faɗi a duhu, wani na jera 'yan robobin kaɗa jita a jikin sandar makirufo. Wani ya hau kan ganguna yana buga su ɗaya bayan ɗaya, dum, dum, dum, har sai injiniya ya ɗaga masa hannu ya wuce ta gaba. Babu mai gudu, babu mai tsayawa. A wannan lokacin ne zauren ya cika maƙil, ba masaka tsinke, zafi ya fara tashi.

Da ma'aikacin jita ya rataya ta ya kaɗa sau ɗaya don gwaji, sai da zauren ya ɗauka da ihu. Wannan gurnanin shi ne asalin kiɗan nan. Ana samun sa ne idan aka tura wa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, sauti fiye da abin da za ta iya fitarwa a tsabtace, sai ta yanke kan igiyar sautin, ya fito a dakushe da kauri. Abin da injiniyoyin farko ke ɗauka aibi, shi makaɗa suka mayar ado. Akwatunan da ke jere a bayan dandamalin na Marshall ne, kamfanin Jim Marshall, mai shagon ganguna a Landan, wanda ya fara ƙera amfilifaya a 1962. Nauyin kuma yana da nasa tarihin. Tony Iommi, mai jitar ƙungiyar Black Sabbath, wadda aka kafa a Birmingham ta Ingila a 1968, inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17. Ya yi wa yatsun hula da roba, ya koma tsirkiya marasa kauri, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafin dannawa. Sassautawar ta sa sautin ya yi ƙasa, ya yi duhu. Har yau ƙungiyoyin wannan kiɗa suna sauke ɗaurin jitarsu, kuma abin da na ji a wannan gwaji guda jikan wancan ne.

Ma'aikacin ya ɗaga tocila ya haska wa injiniya sau biyu. Aka kashe fitilu gaba ɗaya.

Na sha jin waƙoƙin ƙungiyar nan a waya da mota, na ɗauka na san su. Gani ya kori ji. Bugun farko ba ta kunne ya shigo ba, ta ƙirji ya shigo. Rigata ta motsa a jikina, na ji daɓen yana rawa ta tafin takalmi. Tsirkiya mafi kauri a jitar bas mai tsirkiya huɗu, a ɗaurin da aka saba, tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, kuma sautin da ya yi ƙasa haka ƙashi da ciki ne ke karɓarsa, abin toshe kunne ba ya tare shi. Mai gangunan yana taka feda biyu da ƙafa biyu, bugun na zuwa a jere ba rata kamar injin niƙa, amma hannuwansa a sama wani lissafi daban suke yi. Fitilu na bin kowane bugu. Mawaƙin ya buɗe baki, dubban mutane suka riga shi faɗin baitin farko.

Wanda ke jin wannan kiɗa daga nesa yakan ce hayaniya ce kawai. Da na tsaya a gabansa, abin da ya fi kama ni shi ne tsari. Akwai inda duka su biyar za su tsaya cak a tare, zauren ya yi tsit na ƙiftawar ido har ka ji numfashin na kusa da kai, sannan su faɗo a tare ba wanda ya riga wani. Jita biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa a guje, ɗaya ya ware ya yi nasa, ya dawo ya tarar da ɗan'uwansa a inda ya kamata. Irin wannan ba ya samuwa sai an shekara ana maimaitawa a ɗaki. Nauyin da ake ji ba daga ƙarar lasifika kaɗai yake ba, daga haɗuwar hannuwa ne a kan bugu ɗaya.

A waƙa ta uku jama'ar gabanmu suka dare, fili ya buɗe a tsakiya. Wannan ita ce da'irar ture-ture. Masu so su shiga su yi ta gudu suna zagayawa, suna bangazar juna da kafaɗa, waɗanda ke bakin da'irar kuma su zama katanga, duk wanda aka turo su mayar da shi ciki da tafin hannu. Daga nesa faɗa ne sak. Na matsa bakin da'irar don in gani da kyau, na tarar abin da dokokinsa, kuma kowa ya san su ba tare da an rubuta ba. Ba naushi, ba gwiwar hannu a fuska, ba a jawo wanda bai so shiga ba. Babbar dokar ita ce, wanda ya faɗi a ɗaga shi.

A gabana aka yi. Wani saurayi siriri ya zame a kan jiƙaƙƙen daɓe ya faɗi rigingine. Kafin in yi motsi, wani ƙato mai gemu ya juya baya ya buɗe hannuwa ya tare masu tahowa, wasu biyu suka cafki yaron ta hammata suka tsayar da shi. Ƙaton ya riƙe kafaɗunsa, ya kalle shi ido cikin ido, ya ɗaga masa babban yatsa yana tambaya. Yaron ya gyaɗa kai. Ya buga masa baya, suka koma ciki tare. Duka abin bai kai daƙiƙa biyar ba. Can kuma sai ga hannu a sama riƙe da takalmi ƙafa ɗaya, an ɗaga shi har mai shi ya zo da ɗingishi ya karɓa. Haka ake yi wa waya, da tabarau, da makulli. Na gode wa igiyar takalmina.

Gaba kuwa ana ta miƙa mutane a kan hannuwa har su kai shinge, masu tsaro su karɓe su kamar jarirai, su sauke su, su nuna musu hanyar komawa. Su ne kuma ke miƙa wa 'yan layin gaba ruwa a kofi. Ana cikin wata waƙa mai zafi sai mawaƙin ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya nan take. Ya nuna wani wuri a hagu, ya ce a kunna fitila, ya ce kowa ya ja da baya taku uku. Mutum dubbai suka ja. Aka fito da wata mata da numfashinta ya ɗauke saboda matsi, aka miƙa ta ga masu agajin gaggawa. Bai ci gaba ba sai da aka yi masa alamar ta farfaɗo. Ba wanda ya yi gunaguni. Masu wannan harka ba su manta da bikin Roskilde na Denmak ba, inda a shekarar 2000 mutum 9 suka mutu a matsi gaban dandamali lokacin da ƙungiyar Pearl Jam ke wasa, makaɗan ba su san abin da ke faruwa ba sai da aka makara. Daga kan dandamali, cikin hasken da ke dukan ido, da wuya a ga abin da ke ƙasa. Mawaƙin da ke sa ido haka ya ƙara daraja a wurina fiye da duk wata gwanintar murya.

Abu guda da ya dame ni shi ne wayoyi. Akwai waɗanda suka ɗaga tasu tun daga farko har ƙarshe, suna kallon wasan ta cikin ɗan gilashi, suna tare wa na baya. Makirufon waya ba ya iya ɗaukar wannan sauti, abin da za su je gida da shi kwaramniya ce. Ɗauki hoto ɗaya ko biyu ka mayar aljihu. Hannun ya fi amfani a sama, da yatsa manuni da ƙaramin yatsa a miƙe, alamar da mawaƙi Ronnie James Dio ya yaɗa bayan ya shiga Black Sabbath a 1979. Ya ce a wurin kakarsa 'yar asalin Italiya ya gan ta, tana yi don kore mugun ido. A zauren nan ma'anarta ba ta wuce "muna tare" ba.

Suka yi sallama suka sauka, fitilu ba su kunnu ba, kowa ya san saura. Aka yi ta buga ƙafa ana kiran sunansu har suka dawo suka ƙara biyu, ta ƙarshen ita ce wadda ta fito da su duniya. Muryata ta riga ta dushe. Mai ganguna ya jefa sandunansa cikin jama'a, masu jita suka watsa robobinsu, suka jeru suka rusuna. Sannan aka kunna farar fitilar zaure, kowa ya ga kowa jiƙe sharkaf da gumi. Tun mutane ba su gama juyawa ba ma'aikata sun fara kwance ganguna, wani ya ɓamɓaro takardar jerin waƙoƙi ya miƙa wa yarinyar nan mai abin rufe kunne, tana kan kafaɗar babanta.

Ban cire abin kunnena ba sai da muka fita harabar. Ina jin maganar abokina sarai, ba wani tsiwa ko shuuu a kunne. Wani da ke gefenmu, wanda bai sa komai ba, yana ta ɗaga murya yana cewa abokansa su maimaita. Irin wannan toshewar takan wuce bayan kwana ɗaya ko biyu, amma ɓarnar tana taruwa, kuma akwai waɗanda ƙarar ta zauna musu har abada, ciki har da makaɗa da yawa.

A harabar teburin sayar da riguna biyu ne. Na manyan layi har ƙofa, ma'aikata ne ke sayarwa. Na masu share fage ɗan ƙarami ne a lungu, kuma mawaƙiyar ce da mai jitar ke tsaye a bayansa da kansu. Ga ƙaramar ƙungiya a kan hanya, cinikin wannan tebur ne sau da yawa ke zuba mai a mota. Akwai mutum goma sha wani abu a gabana, kusan duka fuskokin da na gani tun zauren na fanko. Da layi ya zo kaina na ce wa mai jitar na ga abin da ya faru a waƙa ta huɗu. Ya yi dariya ya ce hannunsa rawa yake yi lokacin da yake neman bakin wayar jitar. Na sayi riga da faifansu, suka sa hannu a kai. Na tambayi mawaƙiyar yaushe za su yi wasan kansu, inda za a ba su cikakken lokaci. Ta ce bayan sun gama wannan zagayen, a wani ƙaramin zaure, ta rubuta mini watan a bayan faifan. Sannan ta ce in yi mata uzuri, motarsu na waje ba a gama loda ta ba, kuma a daren za su kama hanyar gari na gaba.